Rufin Ɗakin Shuke-shuken Baba

A bayan gidanmu na unguwar Yelwa a Mubi akwai wani ɗaki da ba a kwana a cikinsa. Mahaifinmu ne ya gina shi lokacin da yake aikin malamin gona. Bangon bulo ne iya ƙugu, daga nan zuwa sama ragar waya, rufin kuma kwanon roba, irin wanda haske ke ratsawa. A nan yake renon dashen tumatir da attarugu, da 'ya'yan mangwaron aure a cikin baƙaƙen ledoji, manoma su zo daga Muchalla da ƙauyukan kan dutse su ɗiba. Da muna ƙanana ba a barinmu mu shiga sai in za mu kai ruwa. Maƙwabta, don tsokana, suna ce masa ofishin ganye.

Baba ya rasu ana tsakiyar damina. Dashen da ya bari muka raba wa masu so, ledojin mangwaro suka ƙare, ɗakin ya zama wayam, in ban da wani lemun tsami da ya dasa a rabin durom a kusurwar gabas. Ya ce zai fitar da shi fili in ruwa ya ɗauke, sai ruwan bai ɗauke yana raye ba. Ba wanda ya taɓa durom ɗin. A kwana a tashi gindinsa ya yi tsatsa ya ɓurme, saiwa ta nutsa cikin ƙasa, lemun ya samu abin da yake nema ya yi ta tsawo har kansa ya tokari rufi.

Mama ta mayar da ɗakin wurin zamanta. Idonta ya fara yana. A falo ba ta bambance wake da tsakuwa, a tsakar gida kuma rana tana sa ta hawaye. Amma robar nan, da ta tsufa ta koma ruwan ɗorawa, tana tace haske daidai yadda idon yake so. Tun da safe za ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno da tire ta shiga. A can take ɓarar gyaɗa, a can take tsintar wake, a can matan zumunta na cocinmu suke samunta. Ni ce babbar 'yarta. Maigidana ya rasu, 'ya'yana sun kama gabansu, na dawo gida ina koyarwa a firamare ina kula da ita. Ƙanena yana aiki a Yola, ƙanwata tana aure a Michika. Duk abin da ya lalace a gidan ni nake fara gani, ni kuma nake ci gaba da gani kullum.

Wata Asabar da la'asar aka yi ruwa da ƙanƙara. Bai daɗe ba, amma ƙarar da ya yi a kan robar sai ka ce ana watsa tsakuwa a faranti. Da ya tsagaita na leƙa, na tarar da Mama zaune inda take, ta kifa tire a ka, ruwa yana zuba ta wuri uku.

"Mama, me ya hana ki fitowa?"

"Ina jira ya gama," in ji ta. "Kai ka kawo bokiti."

Hausar Mama ta kasuwa ce, da girma ta koya. A bakinta kowa "kai" ne, kowa "shi" ne, mace ko namiji. In magana ta yi nauyi sai ta koma Gude, yarenmu na gida.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta na je na kira kafintan da ya buga rufin tun farko. Dattijo ne. Kakansa ya zo daga wajen Katsina da fatauci ya zauna, shi kuwa a Mubi aka haife shi, yana jin Fulatanci, yana kuma iya gaisuwa da Gude. Shi da Baba sun yi shekaru suna musu a kan katako. Ya ɗauro tsaninsa a kan keke, ya durƙusa ya gai da Mama, sannan ya hau. Bai taka robar ba. Yatsa ya sa ya danna gefenta, ta ɓalle masa a hannu kamar ƙanzo.

"Malama, matso ki gani." Ya zare ƙusa da yatsu biyu, ba tare da ya nemi guduma ba. "Gara ta gama da katakon nan, fatarsa kawai ta bar muku. Ga kuma wannan bawan Allah," ya nuna lemun, "ya sa kafaɗa yana ɗaga rufin. Duk iskar da ta zo zai motsa, in ya motsa ƙusa ta saki."

"To yaya za a yi, Baba?"

"Yau zan liƙe miki da kwalta. Amma liƙi ne, ba magani ba. In rani ya yi a kware duka a sake. Ba a buɗe kan ɗaki da damina."

"Lemun fa?"

Ya dubi Mama, ya dube ni, ya shiga naɗe hannun rigarsa. "Wannan ba aikin kafinta ba ne."

Liƙin ya kai mu ƙarshen damina da ƙyar. Wajejen da aka shafa kwalta suka zama baƙaƙen tabo a sama, inuwarsu tana faɗowa a kan tiren Mama, sai ta riƙa jan kujera tana bin inda haske ya rage. Bokiti biyu da tsohuwar tukunya suka samu wurin zama na dindindin a ɗakin. In ina aji na ji an yi tsawa, hankalina ya bar allo ke nan.

Da Kirsimeti ƙannena suka zo da iyalansu. Bayan an ci abinci muka zauna a ɗakin shuke-shuken, don nan ne iska take shiga, na nuna musu rufin, na faɗa musu abin da kafinta ya ce.

Ƙanena ya miƙe ya auna ɗakin da taku, ya juyo wurina, ni da suke kira Adda don ni ce babbar yaya. "Adda, tunda za a taɓa, a taɓa gaba ɗaya. A sare bishiyar nan, a ƙarasa bango har sama, a buga dogon kwano na zamani, a yi silin. Sai ya zama ƙaramin falo. In mun zo da yara ma a samu wurin kwana."

"Dogon kwano zai kashe hasken," na ce. "Don hasken take zama a nan."

"Ai akwai lantarki."

Duk muka zuba masa ido, har shi ma ya yi dariya. Tun shekaranjiya rabonmu da wuta a lokacin.

Ƙanwata ta ce, "Ni ban ga amfanin wahalar ba. A rushe kawai. Mama ta zo wurina Michika, ina da baranda, ga jikoki suna ɗebe mata kewa. Adda ma ta huta. Ku dubi yadda ta rame."

Ban musa ba, kuma har yau ina jin kunyar yadda maganar ta yi mini daɗi na ɗan lokaci.

Mama tana gefe tana ɓarar gyaɗa kamar ba da ita ake ba. Sai da muka yi shiru ta yi magana, da Gude, ba tare da ta ɗago ba. Ta ce mijinta bai gina ɗakin nan don a kwana a ciki ba, ita kuma ba ta mutu ba tukuna balle a zauna rabon kayanta. Ƙanena ya sosa ƙeya ya ce za mu ƙarasa maganar a waya. Kwana biyu bayan haka kowa ya hau mota.

Mun yi maganar a waya, ba sau ɗaya ba. Ƙanena ya turo mini hotunan gidajen abokansa. Ƙanwata ta ce mijinta ma ya yarda a kawo Mama. Ni kuma ina sauraro ina cewa to. Gaskiyar magana, da laifina a ciki. Da rani rufi ba ya yoyo, in ba ya yoyo kuwa ba ya tuna wa kowa da kansa. Nakan dawo daga aji cike da yara muryata ta dushe, in ɗora tukunya, in auna wa Mama maganin hawan jini, in zauna da littattafan da zan duba. In na tuno rufin sai in hango ma'aikata a tsakar gida, da girkinsu, da tarkace, da inda zan ajiye Mama, da rigimar da za a yi ko wace hanya na bi. Sai in ce bari a gama jarrabawa. Aka gama jarrabawa na ce bari a yi hutu. Hutun na yi shi a kwance.

Damina ta biyu ta same mu yadda ta farko ta bar mu. Zafin bazara ya narkar da kwaltar ta zame, tsagar ta ƙara tsawo, lemun kuma ya turo wani reshe har ya leƙa waje ta tsakanin roba biyu. Yanzu ba ɗiga yake ba, zuba yake. Siminti ya yi gansakuka a gefen ƙofa.

A kan gansakukar nan Mama ta zame. Ina makaranta. Maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ce ta ji ƙarar tire ta katanga, ta zagayo ta tarar da ita a ƙasa, wake ya watse cikin ruwa. Allah ya taƙaita, wuyan hannu ne ya tsage, aka ɗaure a asibiti. Da na kira ƙanena bai bari na ƙarasa ba.

"Adda, ai na faɗa miki. Tun Kirsimeti nake faɗa."

"Ka faɗa."

"Da kanta ne ya bugu fa?"

Na ajiye wayar, na nemo kwaɗo na rufe ɗakin, na sa mabuɗin a jakar makaranta.

Mama ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna a falo, hannu ɗaure a ƙirji, rediyo yana magana ba ta saurare. In na ajiye mata tuwo sai in dawo in tarar ta ɗan gutsuri gefe ta rufe. Matan zumunta suka zo, suka yi addu'a suka tafi da wuri, don ba ta biye musu da hira ba. Bayan kamar mako guda na dawo daga aiki ban gan ta a falo ba. Na zagaya baya na same ta tsaye a waje, jikin ragar waya, ta zura yatsun hannunta mai lafiya tana tsinke busassun ganyen lemun. Na daɗe ina kallonta ba ta san na zo ba. Na ciro mabuɗin na buɗe, na kankare gansakukar da tsohuwar fartanya, na shimfiɗa buhuna a ƙasa.

"Mama, da sharaɗi. In hadari ya taso ki fito."

"To."

Ta yarda, kuma ba ta cika ba ko sau ɗaya. Maƙwabciyarmu ce ta ɗauki aikin leƙowa in sama ta yi baƙi ina makaranta. Har yau ban san da me zan saka wa matar nan ba.

Na rantse wa kaina cewa ruwa na ɗaukewa za a fara aiki. Ruwa ya ɗauke. Sai aka ce a kai Mama Yola a duba idon, muka je muka dawo, likita ya ce a bari jininta ya sauka tukuna. Na dawo na kwanta zazzaɓi da ya ƙi jin magani har mako uku. Da na tashi na nemi kafinta, aka ce ya kama aikin wasu shaguna a kasuwa. Da ya gama aikin, sai azumi ya shigo, cikin tsananin zafi, ban kuwa iya cewa dattijo ya hau rufi da ƙishirwa ba.

Waɗannan duka gaskiya ne, amma ba su ne ainihin dalilin ba. Ainihin dalilin shi ne har lokacin ban san abin da zan ce a buga ba. Na je layin masu kayan gini sau biyu. Aka nuna mini kwano fari, aka nuna mini mai launi, aka nuna mini roba kala-kala, kowane mai shago yana rantsuwa nasa ne mai ƙarko. Wani dattijo a cocinmu ya ce in yi jinka da ciyawa irin ta ƙauye, ta fi sanyi. Sanyi kam akwai, amma duhu ne, ga gara, ga tsoron gobara. Duk wanda na tambaya sai ya ƙara mini hanya ɗaya a kan waɗanda suka riga suka ishe ni. Kuma kowace hanya na bi, a gindin lemun take tsayawa.

Bayan Sallah da kwana uku na tafi rumfar kafinta. Na same shi yana goge wata ƙofa. Ya ture mini benci da ƙafa.

"Malama, kin zo a makare. Jiya da yamma ba ki ga kan duwatsu ba? Ya yi baƙi ta wajen Kamaru."

"Na gani, Baba. Amma in rufin nan ya ƙara damina ɗaya, a kan Mama zai faɗo."

"Me kuka yanke?"

"Ba mu yanke komai ba. Ni dai na gaji."

Ya hure garin katako daga kan ƙofar, ya shafa ta da tafin hannu. "Na ji abin da na Yola yake so, kin faɗa mini. Na ji na ta Michika. Ita mai zama a ciki me ta ce?"

"Ta ce ba ta mutu ba."

"Wannan na sani. Me ta ce a yi?"

Shekara biyu ana magana a kan Mama, a gabanta da bayan idonta, ban taɓa zama na tambaye ta kai tsaye ba. Ina tsoron ta ce kada a taɓa komai, in rasa yadda zan yi.

Da na koma gida na same ta a wurinta. Na jawo bokiti na kifa na zauna a kai.

"Mama, za a cire rufin nan. Ba makawa. Me kike so a mayar?"

Ta ci gaba da tsinta. "Ina so in ga wake."

"Sai me?"

"Kar a kashe lemun."

"Shi ne yake fasa rufin, Mama. In an bar shi, sabon ma zai fasa."

"Babanku ya ce zai fitar da shi waje."

"Ba ya ciruwa yanzu. Saiwa ta yi nisa, in aka tona zai mutu."

Ta ɗago ta dube ni da idon nan mai yana, kamar ina cikin ɗalibaina marasa ganewa. "To ka cire ɗakin daga kansa."

Washegari na maimaita wa kafinta maganar. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce tsohuwa ta fi mu duka. Ya zo da ma'auninsa ya auna. Za a rage tsawon rufin da kamar kashi ɗaya cikin uku, a kafa sababbin ginshiƙai biyu kafin a kai ga lemun, a bar shi a fili cikin guntun bango. Sauran a buga kwano, sai daidai inda Mama take zama a sa roba uku.

"Me zai hana a sa roba duka, kamar da?"

"Ta yanzu ba ta kai ta da ba, Malama. Iya abin da kika rage, iya abin da ba za ki sake saya ba."

Ban nemi shawarar ƙannena ba, sanar da su na yi. Ƙanena ya ce a waya, "Duk yadda kika gani, Adda," da irin muryar da ake cewa ba ruwana. Amma ya aiko da gudummawarsa tun kafin in ajiye wayar da kyau. Ƙanwata ta ce ashe ita ba a ɗauke ta a bakin komai ba, ta daina kirana.

Aka fara aiki ranar Litinin. Kafinta ya zo da abokin aikinsa, wani magidanci ɗan Muchalla, shi ne mai hawa, dattijon yana ƙasa yana karɓa yana ba da umarni. Tsohuwar robar ba ta sauko a ɗaiɗai ba, a gutsure ta sauko, tare da ƙadangaru da gidan rina da ya kori kowa daga tsakar gida na ɗan lokaci. Kafin azahar ɗakin ya zama buɗe. Ban taɓa ganin cikinsa da rana tsirara ba. Ya yi ƙarami, ya yi datti, bangon duk zanen ruwa.

Sai ga abin da ba a zata ba. Babban katakon tsakiya, wanda kafinta ya ce zai iya yiwuwa a bar shi, da aka doka masa guduma sai gari ya zubo. Dole a sake shi, kuma ba ya son farin katako, ja yake so, wanda gara ba ta cika so ba. Aka zagaya masu katako ba a samu tsawon da ake nema ba, aka ce mota tana hanya. Aikin da aka ce kwana uku ne ya tsaya cak, sama a buɗe, ga gajimare yana taruwa kowace yamma yana watsewa.

Kafinta bai daina zuwa ba. Ya zauna yana shafa wa ƙananan katakai baƙin mai don gara, suka kafa ginshiƙan. Kullum kafin in tafi makaranta sai na dafa musu shinkafa da wake da mai da yaji, ba nama, don kada a shiga tambayar wa ya yanka. In lokacin sallarsa ya yi Mama ce take tuna masa, ta tura masa buta da ƙafa, ya shimfiɗa buhu a gefen katanga. Ita kuma ta koma bin inuwar bango da kujerarta, ba tire, don ba ta gani. Da yamma ni ce mai share ƙusoshi da gutsattsarin roba kada ta taka.

A rana ta huɗu ruwan fari ya sauko. Ina cikin aji na ga takardu sun tashi daga kan tebur. Na roƙi malamar ajin kusa ta riƙe mini yara, na fita na tari keke, kafin mu kai kwanar gida ruwa ya tsuge. Na shiga a jiƙe sharkaf. Ɗakin ya zama tafki, katakan da aka shafa wa mai suna kwance cikin ruwa, rabin buhun siminti da aka manta a waje ya sha ya ƙoshi. Mama tana tsaye a ƙofar kicin tana kallon lemun. Tun da aka dasa shi ruwan sama bai taɓa dukansa daga sama har ƙasa ba. Ƙurar shekaru tana gangarowa daga ganyen, rassan suna kaɗawa yadda suka ga dama.

"Dubi," in ji ta. "Ya yi wanka."

Na duba. Zan so in ce na ji daɗi, amma abin da ke raina shi ne simintin da ya lalace, da katakon da sai ya bushe, da ruwan da zan kwashe da tsintsiya kafin ya shiga falo. Na ce mata ta koma ciki kada sanyi ya kama ta, na ɗauki tsintsiya.

Jan katakon ya iso bayan kwana biyu. Aka ɗora shi, aka jera ƙananan, aka buga kwano, aka sa roba uku a tsakiya. Ranar da aka gama kwana tara ke nan da farawa. Kafinta ya sa aka watsa bokitin ruwa a sama, ko ɗigo bai sauko ba. Na kai wa Mama kujerarta da tirenta da kaina.

Da hantsi ya yi ta fito.

"Lafiya, Mama?"

"Wannan ya yi kaifi."

Na shiga na tsaya inda take zama. Sabuwar robar garau take kamar ruwan rijiya, rana tana ratsa ta ba abin da ya rage mata ƙarfi. Ni mai lafiyar ido ma sai da na runtse. Hasken da Mama take so ashe tsufan robar ne yake ba da shi, mun kuwa kwashe tsufan mun tara a bayan gida. Na fito na zauna a kan dakali. Ban yi kuka ba, amma na daɗe ban tashi ba.

Kafinta ya dawo ya ɗaura asabari a ƙarƙashin robar. Mama ta ce yana yi wa wake zane-zane, ba ta gane tsakuwa. Aka kwance. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ce ta kawo fararen buhunan fulawa, na farke su na wanke na ɗinke su wuri ɗaya, aka ɗaure a sama da igiya. Mama ta zauna ta juya tiren hagu da dama.

"Ya yi?"

"Zai yi."

Haka muke har yanzu. Tana zama daga safe zuwa kusan azahar, sai zafin kwano ya kore ta, ta koma da la'asar. In ana ruwa ba ya zubo mata, amma ƙarar kwano ba ta barin a ji magana, matan zumunta sai su yi shiru su jira. Ruwan Mubi kuma daga gabas yake zuwa, gefen da muka bari a buɗe, don haka in da iska sai ya feso har rabin ɗaki. Na rataya leda mai kauri da ake saukewa, ni ce mai saukewa, ni ce mai naɗewa. Lemun ya wuce rufin da nisa, yana zubar da ganye a kan kwano, sai an sa dogon kara an share.

Ƙanena ya zo wajen ƙarshen damina. Ya tsaya a ƙofa ya sa hannu a aljihu ya dubi sama, ya dubi buhunan.

"Ya yi ƙarami, Adda."

"E, ya yi."

"Amma ba laifi."

Ƙanwata ta zo bayansa da mako biyu, ba ta ce komai a kan rufin ba, ni ma ban tambaye ta ba. Ta kwana biyu, ta yi mini wanki, ta yi wa Mama kitso. Da za ta tafi Mama ta sa ta cika leda da lemu ta kai wa mijinta.

Ranar da kafinta ya zo ɗaukar tsaninsa na yi masa godiya, na ce yanzu kam an huta. Ya ɗaga kai ya dubi robar. "Malama, ki riƙa dubawa. Roba ce, rana za ta ci ta ita ma. Ba bana ba, ba baɗi ba, amma za ta ci." Na ce Allah ya kai mu. Ya ce amin, ya ɗaure tsanin a kan keke.

Makon jiya ina dama kunu na ɗaga kai, na ga tabon ruwa a silin ɗin kicin, faɗinsa kamar murfin tukunya. Na matsar da buhun masara daga ƙarƙashinsa. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.